Yadda Ake Samo Hoto a Cikin Layuka da Zanen Abubuwan Yau da Kullum

Akwai lokacin da yake zuwa wa kusan duk mai sha'awar ɗaukar hoto, inda kyamara za ta yi makonni a jaka ba a taɓa ta ba, domin ido ya daina ganin abin da ya cancanci a ɗauka. A irin wannan lokaci mutum yakan ɗora laifin a kan wurin da yake zaune, yana ganin da zai samu damar zuwa inda akwai manyan duwatsu ko teku ko dogayen gine-gine, da ilhama ta dawo da kanta. A ganina matsalar ta fi haka kusa. Ido ya saba da kiran sunan abu ya wuce: wannan matakala ce, wannan taga ce, wancan shinge ne, kuma da zarar an kira sunan, kallo ya ƙare. Wanda ya koyi jinkirta kiran sunan nan na ɗan lokaci, ya tsaya ya dubi layukan da suka haɗu suka yi matakalar, da inuwar da kowane mataki yake jefawa a kan na ƙasa da shi, zai tarar da aikin da zai ishe shi shekara guda a tsakanin ƙofar ɗakinsa da bakin titi.

Sana'ar ma daga nan ta faro. Hoto mafi daɗewa da aka ɗauka da kyamara wanda ya rage har yau shi ne na Nicéphore Niépce, wanda ya ɗauka a Faransa a wajajen 1826 zuwa 1827, kuma abin da ke cikinsa rufin gini ne da bango, waɗanda ya hango ta tagar bene. Akwai kuma dalili a halittar ɗan Adam da ya sa layi yake kama ido tun kafin hankali ya gane abin da ake kallo. Tun daga 1959 masana biyu, David Hubel da Torsten Wiesel, suka nuna cewa a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da gani akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai sun ga layi mai wata karkata ta musamman, wasu na layin da ke tsaye, wasu na wanda ke kwance, wasu na karkatacce, kuma wannan aiki ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981. Ke nan mai ɗaukar hoton layuka yana aiki ne da abin da ido ya fara karantawa kafin komai.

Taƙaita kanka tukuna

Matakin farko shi ne ka rage wa kanka zaɓi da gangan. Wanda ya fita da niyyar ɗaukar duk abin da ya burge shi yakan dawo hannu rabbana, domin ido ba ya neman abin da ba a gaya masa ba. Ka zaɓi nau'in layi guda ɗaya, ka zaɓi wuri ƙarami wanda kake wucewa kullum, ka yi mako guda ba ka ɗauki komai ba sai shi. Idan layin da ke tsaye ka zaɓa, za ka fara da turakun lantarki da ƙarafan shinge, waɗanda kowa zai gani, amma kafin makon ya ƙare za ka riƙa ganinsa a ninkin labule, da gefen littattafan da aka jera, da sawun ruwan sama a jikin bango. Wannan gani na biyu shi ake nema, kuma ba ya zuwa sai na farkon ya ƙare.

Kowane layi yana da halinsa a cikin firam, wato iyakar abin da hoton ya ɗauka. Wanda ke kwance yana kwantar da hoto, wanda ke tsaye yana ba shi ƙarfi da tsawo, karkatacce yana sa ido gudu daga kusurwa zuwa kusurwa, mai lanƙwasa kuma yana jan ido a hankali. Layuka biyu da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar gefen titi ko layin dogo, sukan yi kamar za su haɗu can nesa, kuma wannan haɗuwa ita ce take ba hoto zurfi alhali shimfiɗe yake a kan takarda. Zane mai maimaituwa kuwa layi ne ko siffa da ta sake kanta sau uku ko fiye: bulo a bango, tayil a ƙasa, tudu da kwarin kwanon rufi, sawun taya a yashi, tsagewar laka bayan ta bushe, jijiyoyin ganye, saƙar yadi.

Haske shi ne rabin aikin

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin yawancin zanen da muke wucewa ba ya bayyana sai haske ya zo masa ta gefe. Ka ɗauki bangon bulo da ba a yi wa shafe ba. Idan haske ya faɗo masa gaba da gaba, bangon zai fito a shafe, launi ɗaya, ba kaushi ba zurfi. Idan kuwa hasken ya zo yana shafar fuskar bangon daga gefe, sai kowane bulo da ya ɗan turo kai ya jefa siririyar inuwa, kowane rami ya cika da duhu, layin siminti da ke tsakani ya fito kamar an ja shi da alƙalami. Bango ɗaya ne, kuma abin da ya raba hotunan biyu sa'o'i kaɗan ne kawai.

Tsawon inuwa yana da lissafi mai sauƙi wanda ya kamata mai ɗaukar hoto ya riƙe. Idan rana ta yi digiri 45 a sama da inda sama ta haɗu da ƙasa, inuwar abu daidai take da tsawonsa. A digiri 30 inuwar takan kai wajen 1.7 na tsawon abin, a digiri 10 kuwa takan haura ninki 5. Shi ya sa sa'ar farko bayan fitowar rana da sa'ar ƙarshe kafin faɗuwarta suke da daraja ga mai neman zane a ƙasa: tsakuwa ƙarama takan samu doguwar inuwa, ƙarafan ƙofa kuma sukan shimfiɗa layuka har tsakiyar fili. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato cewa hasken da yake shafar ƙasa da sassafe, da tsakar rana bango yake shafa, tunda daga sama yake gangarowa. Saboda haka rana tsaka, wadda ake yawan cewa ba ta da amfani ga hoto, ita ce lokacin da kaushin bango da inuwar baranda da ta kan taga suke fitowa tangaran. Ka dubi ƙasa da safe da yamma, ka dubi bango da rana.

Inuwar kanta abin ɗauka ce, ko da ba a nuna abin da ya jefa ta ba. A 1916 Paul Strand, Ba'amurke, ya ɗauki inuwar ƙarafan baranda da ta faɗa a kan wani teburi a jihar Connecticut, ya matsa kusa har mai kallo ba ya iya cewa ga teburi ga baranda, sai ratsin fari da baƙi, kuma har yau ana lissafa wannan aiki cikin hotunan farko da aka ɗauka da gangan domin siffa kaɗai. Kowa yana da irin wannan inuwa a kusa da shi. Abin da ake buƙata shi ne ka lura da lokacin da take zuwa, domin rana tana tafiyar digiri 15 a kowace sa'a, kuma inuwar da ta yi kyau yanzu za ta iya barin wurin cikin minti goma. Idan ka ga inuwa ta kusa dacewa amma ba ta kai ba, ka duba agogo ka rubuta lokacin, ka dawo gobe kafin lokacin da ɗan kaɗan ka jira ta.

Ranar da hadari ya rufe rana ita ma tana da nata aiki. Haske yakan yi laushi, inuwa ta ɓace, sai launi da siffar abu su tsaya su kaɗai. Irin wannan rana ta fi dacewa da zanen da launi ne ya yi shi, kamar tayil ko yadi ko fentin ƙofa, da kuma abu mai sassa da yawa wanda inuwa za ta rikita shi. Bayan ruwan sama kuma, kwalta da duwatsu sukan yi duhu su yi sheƙi, kududdufi ya ninka layukan gini gida biyu.

Inda ka tsaya

Yawancin hotuna ana ɗaukarsu ne daga tsayin ido, a inda mutum ya fara ganin abin, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa suke kama da juna. Alexander Rodchenko, wanda ya yi aiki a Rasha a shekarun 1920, ya yi ta jayayya da wannan ɗabi'a, yana hawa saman gini ya leƙo ƙasa, ko ya tsaya a gindin bango ya ɗaga kyamara sama, har matakala da baranda suka koma karkatattun layuka masu ratsa firam. Ka gwada haka da abu guda: ka ɗauke shi a tsaye, ka durƙusa ka sake, ka zagaya bayansa, ka hau wani abu ka leƙo shi daga sama. Kujerun da aka jera a zaure, daga tsayin ido kujeru ne kawai, amma daga bene sukan zama sahu-sahun siffofi masu maimaituwa.

A nan dole ne ka yanke shawara a kan abu ɗaya, kuma ina ganin shi ne yake raba hoton da aka yi da niyya da wanda aka yi da gaggawa. Ko dai layukanka su miƙe sosai, ko su karkata sosai. Karkata ta digiri 2 ko 3 kuskure take nunawa, ido kuma ba ya yafe ta a hoton da layi ne jigonsa. Idan miƙewa kake so, ka tsaya daidai tsakiyar abin, ka sa bayan kyamara ya yi daidai da fuskar bangon, kada ka ɗaga bakinta sama ko ka sunkuyar da shi, domin da zarar ka ɗaga, layukan da ke tsaye za su fara matsowa juna ta sama kamar ginin zai faɗi baya. Idan ginin ya fi ƙarfin firam, ka ja da baya maimakon ka ɗaga, daga baya ka datse ƙasan da ya yi yawa. Ka kunna layukan raga da ke kan fuskar waya ko kyamara, su za su nuna maka ko ka miƙe.

Gilashin kyamara ma yana da tasa rawa. Babban gilashin yawancin wayoyi mai faɗi ne, daidai da milimita 24 zuwa 28 (lambar gilashi ke nan: ƙarama tana ɗaukar faɗi, babba tana janyo nesa), kuma irinsa yana girmama abin da ke kusa, ya ƙanƙantar da na nesa, ya kuma ja abin da ke gefen firam. Wannan yana da kyau idan kana son layi ya taso daga ƙafarka ya nutse can ciki. Idan kuwa zane kake so ya cika firam a shimfiɗe, kamar tagogin dogon bene ko turakun da suka jeru, ka ja baya ka yi amfani da gilashi mai janyo nesa, milimita 70 ko fiye, sai turakun su matso juna su zama sahu ɗaya mai kauri. A waya ka tsaya a kan lambobin zuƙowa da suke da gilashinsu na gaske, domin zuƙowa da yatsu biyu fiye da haka yanka hoton kawai take yi, ta bar shi dishi-dishi.

Cika firam, sannan ka nemi inda zanen ya karye

Zane yana ƙarfi ne idan ya kai bakin firam ta kowane gefe, domin a lokacin hankalin mai kallo yakan ɗauka cewa ya ci gaba har inda ba a gani. Da zarar an ga inda ya ƙare, ko wani yankin sama ko gefen mota ya leƙo ta kusurwa, sai ƙarfin ya zube. Kafin ka danna, ka bi gefuna huɗu da ido, ɗaya bayan ɗaya, ka ga abin da ya shigo ba da izininka ba. Sau da yawa taku ɗaya gaba yana maganinsa.

Amma zane tsantsa, wanda ba abin da ya katse shi, yakan gajiyar da ido bayan daƙiƙa kaɗan, domin ido ya gane dokar ya gama. Abin da yake riƙe mai kallo shi ne wurin da dokar ta karye: taga ɗaya a buɗe cikin talatin da ke rufe, bulo ɗaya da ya tsage, tsuntsu a kan waya ta uku, mutum ɗaya yana hawa matakala mai faɗi. Kamar makaɗi ne da ya tsallake bugu ɗaya da gangan, sai kunne ya farka ya ji kiɗan gaba ɗaya. Idan ka samu zane mai kyau amma babu abin da ya karya shi, ka saita firam ɗinka ka jira, domin a wurin da mutane ke wucewa wani abu zai shigo. Inda za ka ajiye wannan karaya kuma, ka'idar kasa firam gida uku, wadda John Thomas Smith ya fara rubutawa a Ingila a 1797, tana taimakawa: ka sa ta kusa da inda layukan raga suka gitta juna. Ka'ida ce ta farawa, kuma idan zanen yana da ɓangarori biyu masu kama da juna, tsakiya ta fi.

Akwai kuma haɗa zane da zane, wanda ya fi wuya. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, yakan zaunar da mutum mai tufafi masu zane a gaban labule mai wani zanen daban, kuma hoton bai rikice ba, domin girman zanen biyu ya bambanta, fuskar mutumin kuma ta zama wurin da ido yake hutawa. Darasin shi ne, idan zane biyu za su zauna a firam ɗaya, ɗaya ya zama manya ɗaya ƙanana, kuma a bar wani fili da babu komai.

Saitin kyamara

Wannan ɓangare ba shi da yawa. Zane yana son fitowa garau daga gefe zuwa gefe, don haka a kyamara ka sa ƙofar haske a f/8 ko f/11, kada ka matse ta fiye da f/16 domin daga nan kaifin hoto raguwa yake yi. Ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, a 100 ko 200 idan haske ya isa. Idan da hannu kake riƙe da kyamara, kada saurin ƙiftawarta ya gaza lambar gilashin, wato 1/100 na daƙiƙa ga gilashi mai milimita 100, in kuwa haske ya yi ƙasa ka ɗora ta a kan mazauninta mai ƙafa uku ko ka jingina da bango. A waya, ka goge gilashin tukuna, ka danna wurin da kake so ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan. Dalili shi ne na'urar auna haske tana ƙoƙarin mayar da komai toka-toka, sai ta haskaka inuwar da kai kake so ta yi baƙi, ta kuma ƙone farin. Idan ka ga wasu igiyoyi masu launi suna rawa a kan yadi ko raga mai ƙananan ramuka, zanen ne ya yi karo da jerin ƙwayoyin kyamara masu karɓar haske, kuma matsawa gaba ko baya kaɗan yana kawar da su.

Daga hoto ɗaya zuwa jeri

Hoton zane guda ɗaya yana iya zama dace, amma jeri shi ne yake nuna cewa akwai ido a bayan kyamarar, kuma shi ne yake hana ilhama yankewa, tunda kowane hoto yana nuna maka na gaba. J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara ɗaukar hotunan kitso a 1968, baƙi da fari, yawanci daga baya, a gaban fili mara ado, har ya tara kusan 1,000, kuma wanda ya kalle su a jere yana ganin layi da lanƙwasa da tsari kamar na gini. Bernd da Hilla Becher a Jamus sun fara aiki tare a 1959, suna ɗaukar tankunan ruwa da gine-ginen masana'antu, kullum a ranar da babu inuwa, kullum daga gaba, sannan su jera su sahu-sahu a bango domin bambancin da ke tsakaninsu ya fito. Karl Blossfeldt, malami a Berlin wanda aikinsa ya fito a 1928, tsirrai kawai ya riƙa ɗauka daga kusa ƙwarai, har toho da kara suka yi kama da ƙarfen da maƙeri ya murɗa. Abin da ya haɗa su duka shi ne sun tsayar da yawancin abubuwa wuri ɗaya, haske da nisa da bango, suka bar abu ɗaya kaɗai yana canzawa.

Ka yi haka a ƙaramin mataki. Ka zaɓi abu ɗaya, ko murfin magudanar ruwa ne, ko inuwar taga ɗaya a sa'o'i daban-daban, ka tsayar da nisa da siffar firam, murabba'i ko mai tsawo, ka riƙa tarawa. Idan za ka ɗauki ginin wani ko jikin wani daga kusa ka nemi izini, ka kuma nisanci wuraren tsaro da tsakiyar titi da kan layin dogo, domin mai kallon fuskar kyamara ba ya ganin abin da ke tahowa.

Wajen zaɓe, kada ka yi shi a ranar da ka ɗauka, domin a ranar wahalar da ka sha tana sa ka son hoton da bai kai ba. Ka bar su kwana biyu, sannan ka dube su ƙanana-ƙanana a jere: wanda zanensa ya fito tun yana ƙarami shi ne mai ƙarfi. Ka juya wanda kake shakka a kansa ƙasa ta koma sama, domin idan sunan abin ya ɓace, tsarin layukan ne kaɗai zai rage, kuma nan take za ka ga ko ya tsaya ko ya rinjaya gefe guda. Gyara ya zama kaɗan: miƙar da layi, datse gefe, ƙara bambancin haske da duhu daidai gwargwado. Ka gwada mayar da shi baƙi da fari, idan ya ƙara ƙarfi to launin dama cikas yake yi, idan kuwa ya mutu to launin ne zanen, sai ka mayar masa. Daga cikin abin da ka tara ka fitar da 9 ko 12, ka wanke su a takarda ko da ƙanana ne, ka shimfiɗa su a kan teburi ka riƙa sauya musu wuri. Gurbin da ka ga ya rage a jerin, ko layi mai lanƙwasa ne babu, ko duk da yamma aka ɗauke su, shi ne abin da za ka fita nema a mako mai zuwa.